Na'urar GPS a cikin tsaunuka: inda ake dogara da ita da inda take gazawa

A kowace shekara mutane fiye da 100,000 ne ke hawa Ben Nevis, tsauni mafi tsawo a Birtaniya, wanda ke kusa da garin Fort William a yammacin yankin Sikotland.

Akasarinsu a yau na ɗauke da na'urar GPS mai nuna wa mutum inda yake a doron ƙasa, ko dai ta musamman da ake riƙewa a hannu, ko kuma wadda ke cikin wayar salula ko agogo.

Duk da haka, 'yan sa-kai na ƙungiyar ceto ta yankin Lochaber ba su daina fita cikin dare da sanyi neman waɗanda suka ɓata a kan wannan tsauni ba.

Dalilin kuwa shi ne, na'urar tana aiki ne gwargwadon faɗin saman da take iya gani. A fili ko a kan ƙololuwa takan nuna wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. A cikin kwazazzabo kuwa, ko a gindin dutse mai tsaye kamar bango, takan yi kuskure mai yawa, kuma sau tari ba tare da ta nuna alamar cewa ta yi kuskuren ba.

Yadda take gano wuri

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar gwamnatin Amurka, wanda ma'aikatar tsaron ƙasar ta soma aikinsa a 1973. An harba tauraro na farko a 1978, aka kuma bayyana kammaluwar tsarin a 1995.

An tsara shi ne da taurari aƙalla 24, ko da yake waɗanda ke aiki sukan kai kimanin 30. Suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma kowannensu na kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya.

Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma aiko da saƙon rediyo babu tsayawa, wanda ke bayyana wurin da yake da kuma lokacin da saƙon ya taso.

Na'urar da ke hannun matafiyi sauraro kawai take yi. Takan auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisan da ke tsakaninta da tauraron.

Tana buƙatar taurari huɗu aƙalla: uku domin gano wurin da tsawonsa, na huɗu kuma domin gyara agogonta, wanda ba ya kusa da na taurarin wajen daidaito.

Saƙon na tafiya ne da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kan zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Duk wata matsala da za a ambata nan gaba, in ban da ta batir da ta taswira, daga wannan lissafi ta samo asali.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne raunin saƙon. Ƙarfin da tauraron ke aiko shi da shi bai wuce na ƙwan fitilar ɗaki ba, sa'annan ya keto dubban kilomitoci. Kafin ya iso ƙasa ya yi raunin da ba zai iya ratsa dutse ba, ba zai iya ratsa ruwa mai kauri ba, har ma jikin ɗan'adam na iya tare shi.

Tun farko dai don sojoji aka yi tsarin. Bayan da Tarayyar Soviet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1983, inda mutane 269 suka halaka, shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin buɗe shi ga farar hula.

Kamfanin Magellan ya fitar da na'urar hannu ta farko ga jama'a a 1989. To sai dai har zuwa farkon watan Mayun 2000, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, lamarin da kan sa kuskure ya kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umarnin dakatar da hakan, kuma tun daga lokacin ne masu hawan tsaunuka suka soma ɗaukar na'urar da muhimmanci.

A yau hukumomin Amurka na cewa wayar salula kan nuna wuri da kuskuren kimanin mita 5. Amma sun gindaya sharaɗi: a ƙarƙashin buɗaɗɗen sama.

Idan dutse ya tare sama

Mutumin da ke tsaye a fili, kamar a tsakiyar hamada ko a teku, na'urarsa kan ga taurarin GPS takwas zuwa 12 a lokaci guda, a warwatse gabas da yamma, kudu da arewa.

Warwatsuwar tasu na da muhimmanci kamar yawansu. Idan taurarin na kusurwoyi daban-daban, layukan awon da ke fitowa daga gare su kan haɗu a ɗan ƙaramin wuri. Idan kuwa sun taru a gefe guda ko sun jeru a layi ɗaya, sai wurin haɗuwar ya yi faɗi, ɗan ƙaramin kuskure ya ninka sau da yawa.

Wannan shi ne abin da ke faruwa a cikin kwazazzabo. Ganuwar dutse ta dama da ta hagu kan rufe mafi yawan sama, su bar ɗan ziri a tsakiya. Taurarin da suka rage duk suna cikin wannan ziri ne, a jere.

Sakamakon haka na'urar na iya faɗin gaskiya game da nisan da mutum ya yi a tsawon kwarin, amma ta kasa bambance ko yana gaɓar dama ce ko ta hagu, ko ma ta ɗora shi can a kan ganuwar.

Misali mafi tsanani shi ne mashigin da ake kira Narrows a gandun Zion da ke jihar Utah ta Amurka, inda matafiya ke bin cikin kogi tsakanin ganuwa biyu masu tsawon kimanin mita 300, alhali faɗin wurin a wasu sassa bai wuce mita 6 zuwa 9 ba. A irin wannan wuri, samun taurari huɗu ma kan gagara, na'urar ta yi ta neman saƙo har batir ya ƙare.

Akwai kuma wani al'amari da ya shafi ƙasashen da ke can arewa, wanda ba kowa ya san da shi ba. Hanyoyin da taurarin GPS ke bi sun karkata ne da digiri 55 daga layin da ya raba duniya biyu. Ben Nevis kuwa na kusa da digiri 57 a arewa.

Ma'ana, ga wanda ke Sikotland, akasarin taurarin na ta ɓangaren kudu ne da gabas da yamma, yayin da wani babban yanki na sama ta arewa ya kasance wayam.

Mafi haɗarin ɓangaren Ben Nevis shi ne bangonsa na arewa, mai zurfin mita 600 zuwa 700. Wanda ke gindin wannan bango, dutsen ya tare masa kudu inda taurarin suke, ya bar masa arewa inda suka yi ƙaranci. Haka lamarin yake a fuskokin arewa na tsaunukan Alps.

Taurarin da ke aiko da bayanan gyara kuskure, wato tsarin WAAS na Amurka da EGNOS na Turai, su ma ba sa tsira. Suna tsaye ne a saman tsakiyar duniya, don haka daga arewacin Turai ƙasa-ƙasa ake hango su ta kudu, kuma su ne dutse kan fara tarewa.

Amsa-kuwwa

Rasa saƙo gaba ɗaya ba shi ne mafi muni ba, domin a lokacin na'urar kan faɗa wa mai ita cewa ba ta gani, shi kuma ya nemi wata dabara.

Abin da ya fi haɗari shi ne saƙon da ya bugi dutse ya dawo, tamkar yadda murya ke amsa-kuwwa a tsakanin duwatsu.

Saƙon da ya biyo ta wannan hanya ya yi tafiya mai nisa fiye da wanda ya zo kai tsaye. Na'urar ba ta san da haka ba. Sai ta ɗauka tauraron ya fi nisa, ta lissafa wurin da ba shi ba. A kusa da babban bangon dutse mai santsi, musamman idan ya jiƙe, kuskuren kan kai gomman mitoci.

Wani abin lura shi ne, ci gaban fasaha ya rage matsala ɗaya ya kuma ƙara fito da wata. A tsakiyar shekarun 2000 aka soma sayar da na'urori masu kaifin ji, irin su GPSMAP 60CSx na kamfanin Garmin da ya fito a 2006, waɗanda ke iya kama saƙo mai rauni a ƙarƙashin itatuwa da cikin kwari, inda na da kan yi shiru.

Masu tafiya a daji sun yi marhabin da su, kuma da hujja. Amma na'urar da ke jin saƙo mai rauni tana jin amsa-kuwwa ma. Ta da takan ce ba ta sani ba, sabuwar kuwa takan ba da amsa ko da amsar ta karkace.

Akasarin na'urori na nuna wani adadi ko da'ira a kan allo, alal misali mita 4 ko mita 10, a matsayin girman kuskuren da ake zato. Ƙiyasi ne kawai da na'urar ta yi wa kanta, bisa yawan taurari da yadda suka warwatsu da ƙarfin saƙonsu, kuma ba ya cika auna ɓarnar amsa-kuwwa. Bai kamata a ɗauke shi a matsayin tabbaci ba.

Alamar da ta fi amfani ita ce halin ɗigon da ke wakiltar mutum a kan allo. Idan mutum na tsaye cik amma ɗigon na tsalle daga nan zuwa can, ko kuma layin sawun da na'urar ke zanawa ya yi ta karkacewa alhali hanyar miƙaƙƙiya ce, to lissafin ya samu tangarɗa.

Irin wannan karkacewa ce ke sa na'urar ta ƙara wa tafiya tsawo. Mutum na iya yin kilomita 10 a cikin kwari, ta rubuta masa fiye da haka, domin ta haɗa har da tsalle-tsallen da ɗigon ya yi lokacin da yake zaune yana hutawa.

Hazo, ruwan sama da itatuwa

Jama'a da dama na zaton gajimare ko ruwan sama na hana GPS aiki, watakila saboda abin da suka saba gani da talabijin mai faranti. Ba haka ba ne. An zaɓi zangon rediyon da GPS ke amfani da shi ne ta yadda hazo da gajimare da ruwan sama da dusar ƙanƙara ba za su yi masa wani tasirin a-zo-a-gani ba.

Itatuwa ne matsala. Ganye na ɗauke da ruwa, kututture kuma na tare saƙo baki ɗaya. Daji mai duhu bayan ruwan sama, a gefen tsauni mai gangara, ya haɗa cikas biyu a wuri ɗaya.

Jikin mutum ma haka. Na'urar da ke cikin aljihun wando ko a ƙasan jaka ta riga ta rasa rabin sama. Shi ya sa masu ƙwarewa kan ɗaura ta a saman igiyar jaka kusa da kafaɗa, eriyarta na kallon sama.

A can sama kuma akwai wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki, wanda kan jinkirta saƙon. Na'urori na gyara wani ɓangare na jinkirin da kansu. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, ciki har da na yammacin Afirka da gabashinta, wannan sashe kan rikice bayan faɗuwar rana, saƙon ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, musamman a shekarun da rana ke yawan tartsatsi.

Batun tsawo

Ga mai hawan tsauni, sanin tsawon da ya kai na da muhimmanci ƙwarai, domin da shi yake gane inda yake a kan taswira. A nan ne kuma GPS ta fi rauni.

Dukkan taurarin da na'urar ke gani suna sama da ita ne, babu ko ɗaya a ƙarƙashi, domin duniya ta tare su. Saboda haka kuskuren tsawo kan ninka na shimfiɗe sau ɗaya da rabi zuwa sau uku.

Gaskiya ne da taurarin ɗan'adam ake auna manyan tsaunuka. A 1999 wata tawagar Amurkawa ta yi amfani da GPS ta ba da tsawon Everest a matsayin mita 8,850, sa'annan a watan Disamban 2020 ƙasashen Nepal da Sin suka sanar da mita 8,848.86. Amma da na'urorin safiyo masu tsada aka yi wannan aiki, aka kwatanta da tashoshin da ke ƙasa, aka kuma shafe watanni ana lissafi. Ba aikin na'urar aljihu ba ne.

Domin cike wannan giɓi, na'urorin hannu masu inganci na ɗauke da ma'aunin nauyin iska, kasancewar iska na raguwa yayin da ake hawa. Kusa da teku, hawan mita 8 kan rage nauyin da kimanin miliba 1.

Wannan ma'auni ya fi GPS lura da ɗan hawa ko gangara, to amma sauyin yanayi na ruɗa shi. Idan hadari ya taso cikin dare nauyin iska ya faɗi da miliba 10, wanda ya kwana a tanti zai tashi ya ga na'urarsa ta ƙara masa mita 80 ko fiye alhali bai motsa ba. Don haka ake sake saita shi a duk wurin da taswira ta bayyana tsawonsa.

A kan ƙololuwar Ben Nevis

Tsawon Ben Nevis mita 1,345 ne kacal, bai kai ko kwatan Everest ba. Haɗarinsa na cikin yanayinsa ne da siffar ƙololuwarsa.

Daga 1883 zuwa 1904 an yi wata tashar nazarin yanayi a can sama, wadda har yanzu kangonta na nan. Bayanan da ma'aikatanta suka tattara sun nuna cewa hazo kan rufe ƙololuwar kusan kashi 80 cikin 100 na lokaci tsakanin Nuwamba da Janairu, fiye da rabin lokaci kuma a watannin Mayu da Yuni.

Ƙololuwar shimfiɗaɗɗiya ce mai cike da duwatsu, amma kwazazzabai sun yanko ta daga gefe. Idan hazo ya haɗu da dusar ƙanƙara, sama da ƙasa kan zama fari guda, mutum ya kasa ganin inda dutsen ya ƙare.

Domin sauka lafiya a irin wannan hali, akwai awon da masu hawa suka haddace. Daga alamar safiyo da ke ƙololuwa, a fuskanci digiri 231 a yi tafiyar mita 150, domin kauce wa kwazazzabon Gardyloo da ke ta hannun dama. Daga nan a juya zuwa digiri 282, a kuma kiyaye kada a zame hagu zuwa kwazazzabon Five Finger, wanda ya ci rayuka da dama.

A wannan wuri GPS na aiki sosai, tun da babu abin da ya tare sama, hazon kuma bai dame ta ba. Ko shakka babu, ga wanda ya ruɗe a cikin farin hazo, na'urar da ke faɗa masa inda yake cikin 'yan daƙiƙoƙi babbar garkuwa ce.

Sai dai akwai abin da ba ta sani ba. A lokacin hunturu iska kan tara dusar ƙanƙara a bakin dutsen, ta yi rumfa mai leƙawa waje da mitoci da dama, babu komai a ƙarƙashinta. Taswirar da ke cikin na'urar ta san bakin dutse, ba ta san bakin ƙanƙara ba. Idan aka haɗa wannan da kuskuren mita 5 zuwa 10, wanda ya bi kusa da gefe yana kallon allo ya sayar da ransa da arha.

Haka kuma kibiyar da ke nuna hanyar zuwa wurin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura, miƙaƙƙen layi take nunawa. Wanda ke ƙololuwa ya umarce ta ta kai shi inda ya bar motarsa, za ta nuna masa hanya mafi kusa, ko da ta kan rami ce.

Akwai kuma batun fuskantar alƙibla. GPS kan gane inda mutum ya dosa ne daga motsinsa. Idan ya tsaya, ko yana tafiya a hankali kamar yadda ake yi a wuri mai haɗari, kibiyar kan yi ta juyawa, sai fa idan na'urar na da kamfas na lantarki a ciki, shi ma kuma yana buƙatar saiti lokaci-lokaci.

Wannan ba ya nufin kamfas na gargajiya mai allura ba ya kuskure. A tsaunukan Cuillin da ke tsibirin Skye, duk a Sikotland, duwatsun na ɗauke da maganaɗisun da ke karkatar da allurar. A can GPS ce ke gyara wa kamfas.

Kuskuren da ba na taurari ba

Sau da yawa taurarin kan yi aikinsu daidai, matsalar ta fito daga bayanan da aka ɗora wa na'urar.

A 2004 wata mujallar masu hawan tsaunuka a Birtaniya ta buga hanyar sauka daga Ben Nevis, amma ta tsallake awon farko na mita 150. Da wani ya bi abin da aka buga daga ƙololuwa, da ya faɗa ta bangon arewa. Mujallar ta nemi gafara.

A watan Yulin 2021 kuma ƙungiyar Mountaineering Scotland da gidauniyar John Muir, wadda ke kula da saman tsaunin, suka yi gargaɗin cewa wani layi da manhajar Google Maps ke nunawa daga wani wurin ajiye motoci zuwa ƙololuwa na iya kai mutum ga halaka. Daga baya kamfanin ya sauya inda manhajar ke kai masu mota zuwa cibiyar baƙi, inda sananniyar hanyar hawa ta fara.

Sai kuma bambancin ma'aunin taswira. GPS na lissafi ne da wani ma'aunin siffar duniya da ake kira WGS 84, alhali taswirorin ƙasashe da yawa an zana su ne bisa ma'aunin cikin gida tun kafin zamanin taurari.

A Birtaniya bambancin ya kai kimanin mita 100. Tsofaffin taswirorin Najeriya ma an yi su ne bisa ma'aunin Minna, wanda ya saɓa da na GPS da gomman mitoci. Duk wanda zai haɗa na'ura da taswirar takarda, wajibi ne ya saita na'urar bisa ma'aunin da aka rubuta a gefen taswirar.

Batir da sanyi

A aikace, mutuwar batir ta fi ɗaukewar saƙo jefa matafiya cikin matsala.

Zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a duk hawan mita 1,000. Wanda ya bar Fort William cikin yanayi mai daɗi zai tarar da sanyin da ya ƙaru da kusan digiri 9 a ƙololuwa, ban da iska. Sanyi kuwa na rage ƙarfin batir, har wayar da ke nuna saura kashi 30 ta mutu farat ɗaya.

A nan na'urar musamman ta fi waya. Da yawansu na aiki da ƙananan batura biyu da ake iya sauyawa, waɗanda kan kai sa'o'i 15 zuwa 25. Suna jure ruwa da faɗuwa, kuma suna da maɓallan da ake dannawa da safar hannu, saɓanin allon waya da kan ƙi amsawa idan ya jiƙe. Batir na litiyam ya fi jure sanyi, kuma akan ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai kai gare su.

Wayar salula na iya kama taurari ko da babu layin sadarwa. Abin da kan ɓace shi ne taswirar, idan ba a sauke ta cikin wayar tun daga gida ba, sai mutum ya ga ɗigo a kan allo fari fat. Bugu da ƙari, wayar da ke ta neman layi a tsauni na shan batir da sauri.

Na'urar da ta daɗe a kashe, ko aka yi doguwar tafiya da ita, na buƙatar lokaci kafin ta karɓi bayanan wuraren da taurarin suke. Bayanan kowane tauraro kan ɗauki kimanin daƙiƙa 30 kafin su iso, cikakken jadawalin kuwa minti 12 da rabi, kuma yankewar saƙo na jinkirta aikin. Shi ya sa ake kunna ta a fili kafin a shiga daji ko kwari.

Abin da ya sauya

A yanzu ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Rasha ta sake cika taurarin GLONASS 24 a 2011. Tsarin Galileo na Tarayyar Turai ya soma aiki a watan Disamban 2016, ƙasar Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020.

Japan, wadda tsaunuka da dogayen gine-gine suka yi wa yawa, ta ƙirƙiro nata tsarin mai suna QZSS, aka tsara hanyar taurarinsa ta yadda a kowane lokaci ɗaya zai kasance kusan a tsakar ka.

Na'urar da ke sauraron waɗannan tsare-tsare a haɗe kan ga taurari 30 ko fiye a fili. A cikin kwari, ɗan zirin saman da a da zai nuna biyu ko uku, yanzu na iya nuna waɗanda suka isa lissafi. Taurarin Rasha kuma, da yake hanyarsu ta karkata da kusan digiri 65, na rage giɓin da ke arewa.

Ci gaba na biyu shi ne sauraron zango biyu a lokaci guda. Sabon zangon da ake kira L5 ya fi na da iya bambance saƙon da ya zo kai tsaye da wanda ya biyo ta amsa-kuwwa, kwatanta zangunan biyu kuma na ba da damar cire jinkirin da sararin samaniya ke haddasawa. Wayar farko mai wannan fasaha ta fito a 2018, na'urorin hannu na Garmin kuma suka biyo baya a 2020.

Bambancin a bayyane yake a cikin daji da gefen tsauni. To amma idan dutse ya tare saƙon kai tsaye baki ɗaya, amsa-kuwwa kaɗai ta rage, sabuwar na'urar ma ba ta da abin da za ta kwatanta da shi.

Neman agaji

Na'urar GPS ba ta aika komai, don haka ba ta sanar da kowa inda mai ita yake. Wannan na daga cikin abubuwan da aka fi yi wa mummunar fahimta.

Kiran agaji daga inda babu layin waya na buƙatar wata na'ura daban. Akwai mai aika siginar gaggawa ta tsarin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Soviet suka kafa, aka kuma yi ceton farko da shi a 1982. Akwai masu aika gajeren saƙo ta taurarin Iridium ko Globalstar, kuma tun daga 2022 wasu wayoyin salula ma na iya hakan a wasu ƙasashe.

Su ma dai sai sun ga sama. Saƙon da ya ƙi fita daga ƙasan kwazazzabo kan fita idan aka matsa zuwa wuri mai buɗewa, matuƙar matsawar ba za ta jefa mutum cikin wani haɗarin ba.

A Sikotland, wanda ya samu layi kan kira 999 ya nemi 'yan sanda, su kuma su haɗa shi da masu ceto a tsaunuka. Daga cikin abubuwan farko da za a tambaye shi akwai lambobin da ke nuna wurin da yake a kan taswira, da adadin mutanen da ke tare da shi, da kuma yawan cajin da ya rage a wayarsa.